Gari Ya Cika Maƙil, Amma Kowa Shi Kaɗai

A wannan karon zan ɗauke ku zuwa wani fage da ba kasafai mutanen zango ke leƙa shi ba, wato fagen zane-zanen fenti. Na san wani zai ce, to Malam, mu da ke fama da kuɗin haya da na makarantar yara, ina ruwanmu da hoton da wani Bajamushe ya zana shekaru fiye da 100 da suka wuce? Wani kuma zai ce ai malamai sun yi magana a kan zanen abu mai rai. Ga na biyun, amsata ita ce hukunci na malamai ne, ni ban zo ba da fatawa ba, ban kuma ce kowa ya je ya rataya hoto a ɗakinsa ba. Na farkon kuwa sai in roƙe shi ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin kuwa cutar da waɗannan mutane suka zana ta riga ta iso bakin ƙofarmu, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Cutar kuwa ita ce mutum ya zauna a gari mai mutane miliyoyi, kafaɗarsa na gogar ta jama'a safe da yamma, amma babu wanda ya san sunansa, babu kuma wanda zai tambayi inda ya shiga in an kwana biyu ba a gan shi ba. Kaɗaicin daji dai kakanninmu fatake sun san shi, sun kuma san maganinsa, wato a yi ayari. Shi wannan kuwa a tsakiyar ayarin yake kama mutum.

YADDA ABIN YA FARO

Kafin a ƙirƙiro kyamara, wadda aka fara baje ta ga duniya a birnin Faris cikin 1839, babban aikin mai zane shi ne ya fitar da abu sak yadda ido ya gan shi, kamar sarki a kan dokinsa ko attajiri da iyalinsa. Da kyamara ta fara karɓe wannan aiki, sai masu zane suka shiga tambayar kansu abin da ya rage musu. Amsar da da yawansu suka cimma ita ce, kyamara tana ɗaukar abin da ke gaban ido, amma abin da ke cikin ƙirji sai ɗan Adam. Daga nan ne aka sami masu sabon salo, waɗanda ba su damu da sai hanci ya fito daidai ko titi ya miƙe sosai ba, muddin dai mai kallo zai ji abin da suka ji.

Wannan kuma ya zo daidai da lokacin da biranen Turai ke kumbura saboda masana'antu da jirgin ƙasa. A Faris, tsakanin 1853 da 1870, wani gwamnan birnin mai suna Haussmann ya rushe tsofaffin unguwanni masu lunguna bisa umurnin Sarki Napoleon na Uku, ya shimfiɗa manyan tituna miƙaƙƙu, ya jera benaye masu kama ɗaya. Gari ya yi kyau ba shakka, amma talakawa da yawa sun rasa matsuguni, suka koma gefen gari, maƙwabtan shekara da shekaru suka watse.

A 1877 wani mai zane ɗan birnin, Gustave Caillebotte, ya zana ɗaya daga cikin waɗannan sababbin tituna ana cikin yayyafi. Hoton babba ne, faɗinsa ya kusa mita 3, yanzu yana gidan adana zane-zane na birnin Shikago a Amurka. A gaba ga wani mutum da mace sun yi ado, sun shiga laima ɗaya, amma dukansu biyu wani waje can suke kallo. A bayansu ga mutane warwatse a kan titin da ya jiƙe yana ƙyalli, kusan kowa da laimarsa, kowa ya shige ƙarƙashinta kamar kunkuru cikin ɓawonsa. Duba duk iya dubawarka, da wuya ka ga ido biyu da suka haɗu.

Bayan shekara 15, wato a 1892, sai wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Edvard Munch ya zana babban titin birninsu, titin Karl Johan, a garin da a lokacin ake kira Kristiania, wanda yau ake kira Oslo. Shi wannan bawan Allah tun yana ɗan shekara 5 tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa, daga baya ya kashe yayarsa, saboda haka ya tashi da tsoron mutuwa a ransa. A hotonsa, almuru ta yi, tagogi sun kama haske, ga jama'a sun taho gadan-gadan kamar za su tattake mai kallo, mazan da dogayen huluna baƙaƙe, fuskoki fari fat kamar an shafa musu alli, idanu zuru-zuru ba sa kallon komai. A can gefe guda, a tsakiyar titi, ga mutum ɗaya tilo ya ba da baya yana tafiya kishiyar inda kowa ya dosa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to waɗannan fuskoki ko an tambaye su babu labarin da za su bayar.

BALIN, UWAR HAYANIYA

Inda abin ya fi ƙamari shi ne birnin Balin na ƙasar Jamus. A 1871 mutanen birnin ba su wuce dubu 800 da 'yan kai ba, amma ya zuwa 1905 sun haura miliyan 2. Galibinsu 'yan ƙauye ne da suka zo neman aiki, aka cusa su cikin manyan gidajen haya masu duhu, iyali guda a ɗaki ɗaya, wasu ma gado kawai suke haya na 'yan sa'o'i.

Wani shehin malami haifaffen birnin, Georg Simmel, ya yi nazarin wannan hali cikin wata maƙala da ya fitar a 1903. Bayaninsa a taƙaice shi ne, mutumin ƙauye yana ganin fuskoki kaɗan ne a yini, kuma duk ya san su, saboda haka zuciyarsa na iya amsa wa kowa. Shi kuwa ɗan birni dubbai yake gani, ga ƙarar motoci, ga tallace-tallace, ga agogo na binsa da bulala. In ya ce zai kula kowa yadda ake yi a ƙauye, kansa zai fashe. Don haka sai ya koyi kame fuska da ɗauke kai, har abin ya zame masa jiki. Daɗin daɗawa, hulɗar birni ta kuɗi ce, mai saye bai san wanda ya ƙera kayan ba, mai ƙerawa bai san wanda zai saya ba, farashi kaɗai ya haɗa su. A wani rubutun kuma ya lura da cewa kafin zuwan motar haya da jirgin ƙasa, ba a saba mutane su zauna suna fuskantar juna na tsawon lokaci ba tare da sun ce wa juna uffan ba. Mai karatu, ka tuna da wannan magana gobe in ka shiga tirotiro.

Abin da Simmel ya faɗa da alƙalami, Ernst Ludwig Kirchner ne ya fitar da shi da fenti. An haife shi a 1880, ya karanci tsara gine-gine a birnin Dresden, inda a 1905 shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar masu zane da suka sa wa suna Die Brücke, wato Gada. A 1911 ya koma Balin, a 1913 ƙungiyar ta watse bayan saɓani, ya wayi gari ba abokai, ba masu sayen aikinsa sosai, sai yawon titi da dare yana zayyana abin da ya gani cikin ɗan littafinsa. Tsakanin 1913 da 1915 ya fitar da jerin hotunan titunan Balin da suka sa sunansa ya shahara.

A ɗaya daga ciki, wanda ke wani gidan zane-zane na birnin Niyok, za ka ga mata biyu sun caɓa ado, da huluna masu gashin tsuntsu, maza sanye da baƙaƙen kwat sun kewaye su, ɗaya ya juya yana leƙen kayan da aka jera a tagar kanti. Titin ya karkace kamar zai zubo da mutanen da ke kansa, jikkuna sun yi tsawo sun yi tsini kamar tsinken tsire. Matan kuwa masu zaman kansu ne, saboda haka murmushin da ke hoton ma na ciniki ne. A wani hoton na 1914, shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zana dandalin Potsdam, mahaɗar da ta fi kowace hada-hada a birnin. Mata biyu na tsaye a kan wani ɗan da'irar dakali a tsakiyar titi, ɗaya ta rufe fuska da mayafin takaba, ko juna ba sa kallo, agogon tashar jirgi a bayansu ya nuna sha biyun dare. Dakalin nan da ƙyar ya ɗauki ƙafafunsu, sai ka ce tsibiri ne ruwa ya ci shi ta ko'ina.

Akwai abin lura a nan ga mu 'yan Afirka. Kirchner da abokansa sun sha zuwa gidan tarihi na Dresden suna nazarin sassaƙe-sassaƙen da aka kwaso daga Afirka da tsibiran tekun Pasifik, har da na Kamaru wadda Jamus ke mulka a lokacin, kuma masana sun yarda cewa irin waɗannan sassaƙa sun yi tasiri a kan yadda yake zana fuska. Kayan da aka sassaƙa domin fada da taron gari, inda kowa ya san kowa, su ne Bature ya ara ya nuna fuskar mutanen da ba su san juna ba. Ikon Allah ke nan.

Ƙarshen mutumin bai yi daɗi ba. Ya shiga soja a 1915, kansa ya taɓu, aka sallame shi, daga 1917 ya koma zama a tsaunukan Davos na ƙasar Siwizalan. A 1937 gwamnatin Hitila ta kira irin zanensa gurɓataccen aiki, ta cire ayyukansa fiye da 600 daga gidajen tarihin Jamus. A 1938 aka tsinci gawarsa da harbin bindiga kusa da gidansa, abin da aka fi yarda da shi kuwa shi ne shi ya harbe kansa. Allah Ya kiyashe mu da mummunan ƙarshe. A 2006 an yi gwanjon ɗaya daga cikin hotunan titin nan nasa a Niyok a kan kuɗi kimanin dala miliyan 38. Shi kuma dandalin Potsdam, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun ragargaza shi, sannan katangar Balin ta ratsa ta tsakiyarsa daga 1961 zuwa 1989, ya zama fili fetal sai ciyawa, kafin a sake gina shi.

SHAYI BA HIRA

A Amurka kuma akwai Edward Hopper, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1967. Shi ba ruwansa da cunkoso, shiru yake zanawa. Mafi shaharar aikinsa shi ne wanda ya gama a farkon 1942, 'yan makonni bayan Japan ta kai hari a kan sansanin Pearl Harbor, ya sa masa suna Nighthawks, wato 'yan yawon dare. Wani kantin shan gahawa ne a kan kwana, tsakar dare, bangonsa duk gilashi, fitila ta haske cikinsa tar, titi kuwa ba kowa ko kare. Mutum huɗu ne a ciki. Ga mai kanti da farar hula ya sunkuya yana aikinsa, ga namiji da mace mai jar riga zaune kusa da juna, hannuwansu sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, ga kuma wani can shi kaɗai ya ba mu baya. Wani abin mamaki, duk faɗin hoton ba a ga ƙofar da ake shiga daga titi ba. Suna ciki kamar kifi a kwalba, kai kuma kana waje.

To jama'a, ku kwatanta wannan da teburin mai shayi a Nima ko Aboabo. Kayan aikin dai kusan ɗaya ne, benci da kofi da fitila da mutanen da barci ya ƙi ɗauka. Amma a namu, kafin a gama fifita maka shayi an riga an tambaye ka daga ina, an yi gardamar ƙwallo, an zagi gwamnati, wataƙila ma wani ya biya maka. Wannan hira da muke ɗauka ba a bakin komai ba, ita ce dukiyar da mutanen hoton Hopper suka rasa, alhali kuwa sun fi mu kwalta da lantarki.

WAƊANDA SUKA FI KUSA DA MU

Sai dai fa kaɗaicin Kirchner da Hopper na 'yan ƙasa ne, ba wanda ya taɓa tare su a hanya ya ce su nuna takarda. Akwai wani baƙuncin da ya fi wannan nauyi, shi ne wanda Jacob Lawrence ya zana. Baƙar fata ne ɗan Amurka, haifaffen 1917, ya tashi a unguwar Harlem ta Niyok. Yana ɗan shekara 23, tsakanin 1940 da 1941, ya zana ƙananan hotuna 60 a kan allunan katako, yana ba da labarin ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, ƙaurar da ta kwashi mutum kimanin miliyan 6 kafin 1970. Hoto na farko tashar jirgi ce, jama'a na turereniya a ƙofofi uku masu ɗauke da sunayen Shikago da Niyok da St. Louis. A wani hoton ya nuna gidan abinci da aka raba da igiya, farare gefe, baƙaƙe gefe. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani mutum da matarsa, baƙaƙen fata da suka daɗe a arewa, sun sha ado suna hura hanci, suna ƙyamar 'yan'uwansu sababbin zuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lawrence ya zo Nijeriya a 1962, ya sake dawowa a 1964 ya yi watanni a Legas da Ibadan, ya zana kasuwanni. A waɗannan hotuna ma cunkoso ne, amma hannu na miƙa wa hannu kaya, jiki na jingine da jiki. Mutumin da ya zana ƙaurar danginsa ya zo ya tarar da irin taron da bai mai da mutum bare ba.

Haka nan akwai Gerard Sekoto na Afirka ta Kudu, haifaffen 1913, wanda ya zana titunan unguwar Sophiatown ta Johannesburg, har gidan zane-zanen birnin ya sayi hotonsa na gidaje masu ruwan ɗorawa a 1940, karo na farko da ya sayi aikin baƙar fata. A 1947 ya tafi Faris, inda ya riƙa kaɗa fiyano a gidajen rawa don ya ci abinci. Daga 1955 gwamnatin wariyar launin fata ta fara kwashe mutanen Sophiatown da ƙarfin tsiya, ta rushe unguwar. Shi kuwa bai sake taka ƙasarsa ba har ya mutu a Faransa a 1993. Titin da ya zana ya ɓace daga doron ƙasa, sai a jikin ƙyalle.

MU FA?

Iyayenmu da suka kafa zanguna ba su karanta Simmel ba, amma sun san ciwon, sun kuma yi masa magani tun da wuri. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, da kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa zuwa Karachi da Kumasi da Akara, tsarin ɗaya ne. Baƙo in ya sauka, tambayarsa ta farko ita ce ina zango. Da ya shiga masallaci an gan shi. Za a kai shi wurin maigida, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. In ya yi ciwo a yi jinyarsa, in ta Allah ta kasance a yi masa sutura kamar ɗan gida. A kan irin wannan tsari Malam Bako ya kafa Sabon Zango na Akara a farkon ƙarni na 20. Da wannan tsari muka tsallake watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, aka ga wanda aka binne cibiyarsa a nan yana ɗaure kaya zuwa garin da bai taɓa gani ba. A 1983 kuma Nijeriya ta kori 'yan Gana kimanin miliyan guda. Kowane ɓangare ya ɗanɗana.

Kada kuma a ce na mai da zango aljanna. Inda kowa ya san kowa, nan sa-ido da gulma suke yin ƙiba. Bazawara da ba ta da ikon fita sayen koko sai an ƙirga takunta, ko saurayin da ya yi kuskure sau ɗaya aka laƙaba masa suna har abada, in suka ce sun fi son unguwar da ba wanda ya san su, suna da hujja. Shi kansa Simmel ya ce wannan ɗauke kai na birni shi ne kuma ke ba mutum 'yancin da ƙauye ba ya ba shi. Saboda haka sai mu bambance tsakanin kula da mutum da bin diddiginsa, mu riƙe na farko mu saki na biyu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na biyun muke riƙewa, na farkon yana suɓucewa. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Akara da kewaye ya haura mutum miliyan 5. Waɗanda Allah Ya buɗa wa daga cikinmu suna tashi zuwa sababbin unguwanni, wasu har Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, su yi doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, su shekara ba su san sunan wanda suke haɗa bango da shi ba. A cikin zango kuwa, maigidan da ke saukar da baƙo ya zama mai gidan haya, ba ya tambayar sunan garinku sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. A tirotiro kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, laimar Faris ta 1877 ta dawo ke nan, sai dai yanzu a tafin hannu take.

Sannan ga 'yan matan nan kayayo da ke saukowa daga arewacin ƙasar nan, suna dakon kaya a Makola da Kejetia, da yawansu suna kwana a bakin shaguna. Rabin sunan da ake kiransu da shi ma namu ne, wato kaya. Galibinsu alƙiblarmu ɗaya da su. Mace nawa ce a cikinmu ta taɓa tambayar yarinyar da ta ɗauko mata buhun shinkafa tun daga kasuwa, 'yata, yaya sunanki, 'yar wane gari ce ke? Ga hoton Lawrence nan na tsofaffin zuwa masu hura hanci, mu duba da kyau ko za mu ga fuskar da muka sani.

Wanda ke son ya ga titunanmu a jikin ƙyalle, sai ya nemi ayyukan Farfesa Ablade Glover, haifaffen Akara a 1934, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Da 'yar wuƙar shafa fenti yake aiki maimakon buroshi, yana zana kasuwanni da tashoshin mota da rufin kwano kamar daga sama ake hango su. In ka matsa kusa ba ka ganin komai sai ɗigo-ɗigon launi, in ka ja da baya sai taro ya bayyana. Kowane ɗigo mutum ne, amma ba mai fuska. Wani zai kalla ya ga albarkar jama'a, wani ya ga yadda mutum ke narkewa cikin taro, kuma ina ganin duka biyun suna nan a titin Akara na yau.

Ingila ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ma ta naɗa nata ministan a 2021. A nan gida an kafa asusun raya zanguna a 2017. Gwamnati na iya gina kwata da makaranta, muna kuma maraba, amma ba ta da ofishin da zai yi wa maƙwabcinka sallama a madadinka. Wannan aikinmu ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Addininmu ya hore mu da yin sallama ga wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ya kuma tsananta a kan haƙƙin maƙwabci.

Don haka ina kira ga limamanmu da kwamitocin masallatai, kowane masallaci ya san tsofaffin da ke zaune su kaɗai a kewayensa, in an yi kwana biyu ba a ga mutum a sahu ba a tura yaro ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. Masu gidajen haya, ku san garin ɗan hayarku da wani danginsa da za a nema in wani abu ya faru. Alhazan da suka tashi zuwa bayan gari, a riƙa kawo yara zango ranar Juma'a su gaida kakanni su ji Hausa, a kuma tsallaka a gaida maƙwabcin can ko da ba addini ɗaya ba, domin zumunta a ƙafa take. Iyaye mata, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ku fara da yarinyar da ke ɗauke da kayanku. Matasa masu waya kuwa, tunda tana hannunku, ku nemo waɗannan hotuna da na lissafa ku kalla da idonku, gani ya kori ji, sannan ku ajiye ta ku gaida wanda ke zaune kusa da ku.

Allah Ya bar mu da jama'a, Ya sa mu gama da duniya lafiya, Ya kuma haɗa kowane baƙo da maigida nagari. Mai ƙorafi ko ƙarin bayani ya aiko da wasiƙarsa ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.